Zauren Tambaya da Amsa: Manhajar Lissafi Ta Ba Ni Amsa, In Yarda Ko Kar In Yarda?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duk akan manhajojin nan ne da ake zuba musu lissafi su warware, inaga don zangon karatu ya yi nisa ne asaimen da furojet sun fara taso ma ɗalibai. Na ɗauki guda biyar, wasu na rage musu tsawo amma ban taɓa ma'anarsu ba. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin injiniyarin ne a Samaru, aji biyu. Na yi ta tari har na samu na sayi laftof na hannu, toh wanda ya sayar min yace in ƙara masa ɗan wani abu ya zuba min manhajojin lissafi MATLAB da Mathematica na kirak, wato waɗanda aka fasa ba'a biya lasisi ba. Abokina kuma yace duk wahalar banza ce, Casio ɗina ta ishe ni har in gama. Wa zan bi a cikinsu, kuma menene bambancin waɗannan manhajojin da kalkuleta?

AMSA: Ƙanina Allah ya sa albarka a laftof ɗin, ya sa ka ci moriyarsa. Ni dai kar ka bi ko ɗaya a cikinsu tukuna, fara gane abin da kake nema.

Lissafi a kwamfuta hanya biyu ake yinsa, akwai na lambobi akwai na haruffa. Ɗauki Casio ɗinka kace ta yi maka difaranshiyeshan na x³, dole sai ka gaya mata a wane wuri, kace a x = 2, sai ta baka 12. Lamba ɗaya tak, gobe in kana so a x = 5 sai ka sake bugawa. Amma bazata taɓa ce maka amsar 3x² ce ba, don ita bata san x a matsayin x ba sai an cika shi da lamba. Ita kuwa manhajar aljabra riƙe x ɗin take yi kamar yadda kake riƙe shi a takarda, ta buɗe baka, ta tattara masu kama da juna, ta soke abin sokewa, ta miƙo maka fomula. Ka rubuta mata diff(x^3, x) tace 3x². Ka bata solve(x^2-5*x+6=0, x) tace 2 da 3. Ka tambaye ta 2^100, kalkuletarka zata baka lambobi goman farko ta ce sau 10 mai fawa 30, ita kuwa zata zubo maka su duka 31, wato 1267650600228229401496703205376, ba ta yar da ko ɗaya ba.

Misalin da nake ba ɗalibaina kullum shi ne na buhun masara. In uba yace a raba buhu ma ɗaki uku kowa sulusi, wannan maganar ba ragi ba ƙari, sulusi sulusi ne. Amma da zarar an ɗauko tiya an fara awo, komin adalcin mai awon sai wani ya fi wani da ɗan cikin hannu. Maganar uban ita ce lissafin haruffa, awon kuma shi ne na lambobi. Kuma kaga ba'a tuƙa tuwo da magana, a ƙarshe sai an auna, shi yasa kai injiniya duka biyun kake buƙata.

Yanzu sunayen da ka ambata. MATLAB asalinta ta awo ce, Cleve Moler ya rubuta ta a ƙarshen shekarun 1970 don ɗalibansa su samu sauƙin aikin matiris, sai a 1984 ta zama hajar kamfani, ɓangaren haruffa ƙari ne aka liƙa mata daga baya. Mathematica ta Stephen Wolfram ce, ta fito a 1988, ita da Maple da aka fara a jami'ar Waterloo ta Kanada a 1980 su ne manya a fagen haruffa, kuma duk na kuɗi ne, kuɗin ma da dala. Amma akwai wadda ta girme su, Macsyma, da aka fara a MIT ta Amurka tun 1968. Wani malamin lissafi a jami'ar Texas mai suna William Schelter ya riƙe wani reshe nata yana gyarawa tun 1982, a 1998 ya samu izinin sakinta kyauta ga kowa, ya rasu a 2001 wasu suka ɗora. Ita ce Maxima ta yau. Wallahi duk lokacin da na buɗe ta sai na tuna mutumin nan, aikin da ya bari yau yaro a Samaru ko Gyallesu yana amfana da shi bai biya ko sisi ba.

Toh shawarata, ka sauke wxMaxima, wato Maxima da aka yi ma fuska mai sauƙin aiki, bata da nauyi, tsohon laftof yana ɗaukarta, kuma da zarar ka saka ta bata ƙara neman data. Ka rubuta umarni ka danna Shift da Enter tare. Don aikin awo kuma ka sauke GNU Octave, yarenta kusan ɗaya ne da na MATLAB, yawancin abin da za'a baku a aji biyu da uku zai gudu a kanta. In ka fara koyon Python, yaren rubuta ma kwamfuta umarni, sai ka haɗa da SymPy, wadda ke yin lissafin haruffa a cikinsa. In kuma wani kwas ya matsa lallai sai MATLAB ɗin kanta, ka fara tambaya a sashenku ko akwai kwamfutocin da aka saka ma mai lasisi.

Batun kirak kuwa bana goyon baya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na farko haƙƙin wasu ne. Na biyu na gani da idona, wani ɗalibi ya zo min ido ya yi ja, saura sati biyu ya kare furojet, an zuba masa irin wannan daga filashin da ya zaga laftof ɗari, bairos ya kulle masa komai har babi na huɗu da bai ajiye a ko'ina ba. Abin da zaka samu na halal kyauta, me zai kai ka? Mu nan Zariya ma ba baƙi bane a wannan fage, cibiyar kwamfuta ta ABU sunan masanin lissafi take ɗauke da shi, Farfesa Iya Abubakar, wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978. Ka riƙe Casio ɗinka don zauren jarrabawa, a nan abokinka ya yi gaskiya.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Tudun Wada. Ƙanina yana koyon Python, ya buga 0.1 + 0.2 ta bashi 0.30000000000000004, ya kawo min yana dariya wai lissafin da nake koyarwa ne ba daidai ba ko kwamfutar ce ta lalace. Gaskiya na rasa amsar da zan bashi.

AMSA: Malama lissafinki daidai yake, kwamfutar ma lafiyarta ƙalau. Ki ce masa ya rubuta miki sulusi da ɗigo. Zai fara 0.3333 ya yi ta tafiya, takarda ta ƙare bai gama ba, dole ya yanke a wani wuri, kuma duk inda ya yanke abin da ya rubuta ya gaza sulusi da ɗan kaɗan. Toh haka 0.1 yake a wurin kwamfuta. Mu da goma muke ƙirga shi yasa ɗaya bisa goma ya zo mana a tsaf, ita kuwa da biyu take ƙirga, sifiri da ɗaya, kuma a ƙirgan biyu 0.1 yana zama 0.000110011001100 haka har abada, 0011 ɗin nan yana ta maimaituwa. Ƙa'idar da kusan duk kwamfutocin duniya suke bi, IEEE 754 ta 1985, gurbi 53 ta ware ma jikin lambar, wanda ya kama lambobi 15 zuwa 17 a namu ƙirgan. Sai a yanke 0.1, a yanke 0.2, a haɗa, ɗan ɓurɓushin ya leƙo a can ƙarshe. Shi ne 4 ɗin da ya gani.

Ki bashi wasu biyu ya gwada. Ya ɗauki sikwaya rut na 2 a Python ya ninka shi da kansa, zai ga 2.0000000000000004. Sannan ya buga 1e16 + 1 - 1e16, kowane ɗan firamare ya san in ka ƙara ɗaya akan abu ka cire abun ɗaya ne zai rage, amma zata ce 0.0, saboda lambar ta yi girman da ɗayan bai samu wurin zama ba, ya faɗi a hanya.

Kar ki ɗauka wasa ne don ɓurɓushin ƙarami ne. A ranar 25 ga Fabrairun 1991 lokacin yaƙin Tekun Fasha, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot da ke Zahran a Saudiyya ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Da aka bincika sai aka ga agogon na'urar yana ƙirga lokaci ne da ɗaya bisa goma na daƙiƙa, an yanke 0.1 ɗin a gurbi 24, na'urar ta yi kimanin awa 100 a kunne ba'a kashe ba, ɗan kuskuren nan ya taru ya kai kusan sulusin daƙiƙa, a wannan ɗan lokacin kuwa makamin ya ci sama da rabin kilomita. Wannan 0.1 ɗin dai da ƙaninki yake ma dariya.

A nan manhajar aljabra take da rana. A Maxima in kika rubuta 1/10 + 2/10 zata ce 3/10, ba ɗigo ba ɓurɓushi, sqrt(2)^2 kuma tace 2 cif, saboda bata auna ba, ƙa'ida ta bi. Dabarar da nake so ki koya ma yaranki tun daga SS1 ita ce su bar lissafi a kasonsa da rut ɗinsa da pi ɗinsa har layin ƙarshe, sai a nan su mayar da shi ɗigo sau ɗaya. A Maxima umarnin float ke yin wannan. Amma ki faɗa ma ƙanin naki in zai yi aiki da SymPy kar ya rubuta 1/3 kai tsaye, Python zata riga ta mayar da shi 0.333 kafin SymPy ta gani, Rational(1,3) ake rubutawa. Wannan ramin ba ƙaramin mutane ya ci ba.

TAMBAYA: Malam ni dattijo ne a cikin birni, wajen Kwarbai. Akan kira ni zaman rabon gado a dangi. Jikana yace akwai manhajar da ke yin lissafin kaso ba kuskure, in bari ya riƙa buga min. Ya halatta in dogara da ita?

AMSA: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma da lafiya. Hukunci na malamai ne da alƙalai, ni abin da zan iya faɗa shi ne abin da manhajar ke iyawa da inda ƙarfinta ya ƙare.

Jikanka ya yi gaskiya ta fuska ɗaya, a haɗa sumuni da sudusi da sulusi ba tare da an yanke komai ba wannan aikinta ne, ta fi kalkuletar waya nesa ba kusa ba. Kuma wani abin sha'awa Baba, ita kanta aljabrar da gado ta taso. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi da ya rayu a Bagadaza, wanda daga littafin da ya rubuta wajen shekara ta 820 aka samo kalmar aljabra, babban ɓangare na littafin nan mas'alolin wasiyya da gado ne.

Amma bari mu ɗauki mas'alar da ka fi ni sani. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Mata sumuni, 'ya'ya sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. In jikanka ya buga 1/8 + 2/3 + 1/6 + 1/6 manhaja zata ce 9/8 ta yi shiru. Amsar daidai ce, amma bazata ce masa kai yaro kason ya fi dukiyar yawa ba. A ce abin da aka bari bayan an biya bashi an fitar da wasiyya naira 5,400,000 ne, in ya bi ta haka zai ba mata 675,000, 'ya'ya 3,600,000, uwa da uba 900,000 kowanne, jimla 6,075,000, ina za'a samo cikon? Kai da ka zauna gaban malamai ka san nan wurin auli ne, asalin mas'alar 24 ne ya koma 27, ita ce ake kira Mimbariyya, inda sumunin mata ya koma tusu'i. Sai a raba 5,400,000 gida 27 kowane kaso 200,000, mata kaso 3 wato 600,000, 'ya'ya kaso 16 wato 3,200,000 kowacce 1,600,000, uwa 800,000 uba 800,000. Yanzu lissafi ya rufe.

Kaga manhaja bata san auli ba, bata san raddi ba, wato mayar da rarar dukiya ga masu kaso, bata san wa ke katange wa ba. Don haka Baba kai zaka tsayar da magada da kason kowa da ilimin da Allah ya baka, shi kuma yaron ya buga maka rabawa da ninkawa, a ƙarshe a haɗa abin da kowa ya samu a ga ya dawo daidai da dukiyar, naira bata ɓace ba. In aka yi haka ni ina ganin taimako ne babba, musamman inda aka yi mutuwa kan mutuwa kafin a raba, kason ya yi ta rassa har asalin mas'ala ya kai dubbai.

TAMBAYA: Malam don Allah a taimaka, ina ajin ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha, furojet nake yi. Na ba Maxima x^5 - x - 1 = 0 ta maido min tambayata yadda na bata. Na bata cos(x) = x nan ma haka. Na ce ta yi intagireshan na e mai fawa -x² ta kawo wani abu wai erf da ban taɓa gani ba. Sannan na bata ditaminan na matiris 10 sau 10 duk haruffa, laftof ya sandare har caji ya ƙare. Anya ta kyautar nan ba ta da rauni kuwa?

AMSA: Ɗan'uwa tambayarka ta min daɗi sosai, don ka taɓo wurin da na fi so a duk wannan fagen. Ba raunin ta kyauta bane, ko ka sayi mafi tsada a duniya bango ɗaya zaka tarar, bangon na lissafin ne kansa.

Fomular kwadiratik da ka haddace tun sakandare, akwai irinta ga mai fawa 3 da mai fawa 4, masanan Italiya suka gano su aka buga a 1545. Mutane suka yi kusan shekara 300 suna neman ta mai fawa 5, sai a 1824 wani matashi ɗan Norway, Niels Abel, ya tabbatar da cewa babu ita, ba wai ba'a gano ba, babu ita ne kwata kwata in dai da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa da rut za'a gina ta. Evariste Galois na Faransa, wanda ya rasu a 1832 yana ɗan shekara 20, shi ya nuna yadda ake gane wacce zata warwaru wacce bazata warwaru ba. Taka ɗin nan, x^5 - x - 1, tana cikin sanannun misalan marasa warwaruwa. Da Maxima ta maido maka ita gaskiya ta faɗa maka, ba ta da fomular da zata baka kuma bata ƙirƙiro ƙarya ba.

Amma rashin fomula ba rashin amsa bane, nan ne ake ɗauko tiya. Rubuta allroots(x^5-x-1) zaka ga amsoshi biyar, ɗaya ta zahiri wajen 1.1673, sauran huɗun masu i ne, wato sikwaya rut na -1. Ta cos ɗin kuma ka rubuta find_root(cos(x)-x, x, 0, 1), wato kana ce mata amsar tana tsakanin 0 da 1 ki matso min ita, zata baka 0.739085 da 'yan kai. Kana ma iya gani da idonka yadda ake matsowar, sa kalkuletarka a radiyan ka buga 1 ka yi ta danna cos akan amsar da ta fito, zaka ga lambar tana lilo, sama ƙasa sama ƙasa, har ta zo ta kwanta a 0.739. Hanyar Newton ta fi sauri, daga 1 sai 0.7504 sai 0.7391 sai 0.739085, taku uku ta kai. Sharaɗin find_root dai shi ne a iyakoki biyun da ka bata ɗaya ya bada amsa sama da sifiri ɗaya ƙasa da sifiri, shi yasa nake cewa ka fara zana giraf da plot2d ka ga inda layin ya tsallaka kafin ka tambaya.

Shi ma erf ba shirme bane. Tun shekarun 1830 Joseph Liouville ya nuna akwai intagireshan da ba'a iya rubuta amsarsu da sanannun fankshan na aji, e mai fawa -x² na ciki, sai masana suka raɗa ma amsar suna suka yi mata tebur, kuma in ka yi kwas ɗin istatistiks ka riga ka haɗu da ita, ita ce a bayan teburin nan na zanen ƙararrawa. A 1969 Robert Risch ya fitar da hanyar da kwamfuta zata bi ta gane ko intagireshan yana da amsa irin ta aji ko babu, manhajojin nan duk suna ɗauke da wani yanki na aikinsa. In lamba kake so sa iyaka, daga 0 zuwa 1 amsar 0.7468 ce.

Na ditaminan kuwa a nan kai ne ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfin jaki. Matiris 3 sau 3 na haruffa gaɓa 6 yake bayarwa, 4 sau 4 gaɓa 24, 5 sau 5 gaɓa 120, naka mai 10 sau 10 gaɓa 3,628,800 ne, ko ta gama a wace takarda zaka buga, wa zai karanta? Alhali in lambobi ne a ciki Octave zata warware 1000 sau 1000 kafin ka kurɓi shayi. Ka zuba lambobinka tun farko ka bar harafi ɗaya ko biyu da kake son ganin tasirinsu. Kuma ka riƙa adana aikinka kafin ka danna abu mai nauyi, ka san halin wutarmu.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, ban yi boko mai zurfi ba. Yarona yana SS2, duk asaimen ɗin lissafi da waya yake yi, yana cin maki a gida amma a jarrabawa sai ya faɗi. In ƙwace wayar ne? In kuma barinta zan yi, wace manhaja ce mai amfani da bata cin data?

AMSA: Alhaji Allah ya shirya mana su baki ɗaya. Damuwarka tana kan hanya, abin da kake gani haka yake, yaron kwafa yake yi ba koyo ba. Amma ni da zaka ji tawa kar ka ƙwace, ka sa masa doka. Ya fara yi da biro a takarda har ƙarshe, sannan ya buɗe waya ya duba, in amsa ta saɓa ya nemo a wane layi ya kauce. Ko baka san lissafin ba zaka iya cewa nuna min takardar da ka yi kafin ka taɓa waya, kamar yadda kake duba littafin yaron shago.

Dalilin da yasa na dage akan haka, manhajar nan abin da aka bata take yi, wanda bai san lissafi ba bazai gane lokacin da ya bata tambayar da ba ita yake nufi ba. Kwanan baya wata ɗaliba ta kawo min aiki ta rubuta sin 30 daidai yake da -0.988, ta ja layi biyu a ƙasa da ƙarfin gwiwarta. Na ce 'yata sin 30 ba rabi bane? Tace ai kwamfuta ce ta faɗa. Kwamfutar kuwa da radiyan take aiki ba digiri ba, ita ta ɗauka radiyan 30 ake nufi. Da yarinyar nan ta riƙe teburin da aka koya mata a SS1 da kallo ɗaya zata san akwai matsala. Irin waɗannan suna da yawa. A Maxima log na nufin na e ne, log(100) zai baka 4.605 ba 2 da malamin WAEC yake jira ba. In ta yi intagireshan bata sa + C, yaro ya kwafa haka a rage masa maki. In ka bata (x²-1)/(x-1) ta taƙaita zata ce x+1 bata gaya maka a x = 1 abin bai da ma'ana ba. In ka manta baka ka rubuta 1/2*x kana nufin ɗaya bisa 2x, ita rabin x ta ji. Wani lokacin kuma ita ce ke gyara mu, yara da yawa zasu ce sikwaya rut na x² ai x ne, Maxima tace abs(x), ka gwada da -5 ka ga wa ya yi gaskiya. Har tambaya takan yi, ka ce ta yi intagireshan na x^n sai ta tsaya tace n ɗin nan -1 ne ko a'a, don amsar ta bambanta, yaron da bai san dalili ba sai ya zauna yana kallon allo.

Abu ɗaya da nake roƙo ka sa shi ya saba da shi, duk amsar da ya samu ya mayar da ita cikin tambayar. In an ce x = 3 ya cusa 3 ya ga ko ɓangare biyun sun daidaita. In intagireshan ne ya yi difaranshiyeshan ɗin amsar ya ga ko ta dawo gida. Minti ɗaya ne. Wannan ya fi zama dole in da manhajojin hira irin su ChatGPT yake aiki, don su ba injin aljabra bane, suna iya tsara bayani mai daɗin karatu lambar ƙarshe ta zo a karkace.

Ta waya kuma, ya sauke GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara a Ostiriya a 2001 don 'yan makaranta, kyauta ce, akwai mai suna CAS Calculator, sau ɗaya zai kashe data wajen saukewa daga nan tana aiki ko babu intanet, tana zana giraf yana jan layi da yatsa yana ganin yadda ikweshan ke canzawa. Wolfram Alpha tana da ƙarfi amma sai da data, cikakken bayanin mataki mataki kuma sai an biya. Ka ce ya fara da wannan yau da daddare, ya warware x⁴ - 1 zuwa gaɓoɓinsa da biro, sannan ya rubuta Factor(x^4-1) a GeoGebra, in ya samu (x-1)(x+1)(x²+1) a duka biyun ya nuna maka.

'Yar'uwar da ta turo tambaya daga Kongo akan lissafin ruwan bashi da Excel, da ɗan'uwa na Palladan mai tambayar difaranshiyal ikweshan, na ga saƙonku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.